Daga Tubali Zuwa Bulo, Daga Aci-Bal-Bal Zuwa Sola: Waiwaye Kan Gine-Ginen Kasuwanci Da Harkar Lantarki A Birnin Kano

Gabatarwa

Duk ɗan cikin birni da aiki ko fatauci ya kai shi Legas, ko Abuja, ko Fatakwal, idan ya zo gida hutun salla ya shigo ta Ƙofar Nasarawa ko ta Ƙofar Mata, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne yadda fuskar unguwanni ta sauya. Zauren da muka yi karatun allo a cikinsa ya zama shagon cajin waya. Dakalin da dattawa suke zama bayan la'asar an fasa shi, an fitar da ƙofar ƙarfe. Inda muka san kududdufi, yau bene ne mai hawa uku, faifan sola a bisa rufinsa, janareta a gindinsa, wayoyi kuma sun sarƙe a jikinsa kamar saƙar gizo.

Da yawa daga waɗannan gine-gine da kuɗinmu aka yi su, mu da muke zaune nesa muna aiko da abin da Allah ya hore domin a kafa mana abin dogaro a gida. Saboda haka maganar ta shafe mu kai-tsaye. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Idan muka bi tarihin ginin kasuwanci a Kano tare da tarihin wutar da ke haskaka shi, za mu ga cewa kowane zamani ya zo da kayan gininsa da irin haskensa, kuma kasuwa ta riƙa bin su duk inda suka sauka. Za mu kuma ga abin da ya ɓace mana a hanya, wato wanda ake tuhuma idan aiki ya lalace.

Zamanin Tubali Da Aci-Bal-Bal

Tun daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, har zuwa farkon ƙarni na 20, duk abin da ake buƙata domin gini a cikin birni ko kewayensa ake samunsa. Ƙasa daga kududdufi ake haƙo ta, a cuɗa da ruwa da busasshiyar ciyawa, a mulmula tubali a shanya. Azara daga giginya ake tsago ta, saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake haɗa ta, katsi kuma daga marina ake kwaso shi, a shafe bango da rufi domin kada ruwan sama ya ratsa. Idan ana son ɗaki mai faɗi, sai gwanin magini ya ɗaura bakan gizo. Kowace shekara kafin damina ta faɗi ana yaɓe, ana gyara indararo.

Babban ginin kasuwanci na wancan zamani ba rumfar kasuwa ba ce, gidan fatoma ne. A can baƙon ɗan kasuwa yake sauka, a can ake ajiye masa kaya, a zauren gidan kuma ake ƙulla ciniki. Haka gidajen Larabawa suke a Alfindiki da maƙwabtanta, haka na Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari masu fataucin goro zuwa Gwanja. A cikin irin waɗannan gidaje na ƙasa aka juya dukiyar da ta sa Baturen nan ɗan yawon buɗe ido, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin tufafin birnin da wuri miliyan 300 a shekara.

Game da haske kuwa, rana ce fitilar kasuwa. Da magariba ta gabato sai a tashi, sai fa 'yan tireda da masu abinci da ke kunna aci-bal-bal da man gyaɗa ko man kaɗe. Abin lura a nan shi ne, sana'ar gini tana da shugabanci. Akwai Sarkin Magina, akwai gidajen da aka sani da gadon sana'ar, kuma idan soro ya rufta an san wanda za a kira a gaban dattawa.

Jirgin Ƙasa, Kwano Da Siminti

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, amma abin da ya girgiza harkar gini shi ne isowar layin dogo a 1911. Ba a shigo da tashar jirgi cikin ganuwa ba, a gabas da ita aka kafa ta. Nan kamfanonin Turawa irin su Niger Company da John Holt da G.B. Ollivant suka yanki filaye suka gina kantuna da manyan ɗakunan ajiya. Kwarori 'yan Sham da Labanan suka zauna a Fagge, suka gina shago a gaba, gidan kwana a baya ko a sama, wurin da ya zama Kantin Kwari. A 1913 aka kafa Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu.

Jirgin da ke tafiya da gyaɗa da fata zuwa Legas shi ne yake dawowa da kwanon rufi da siminti da ƙusa da kananzir da fitilar ƙwai. Daga nan kayan gini ya tashi daga abin da ake haƙowa a bayan gida, ya zama haja da ake saye da kuɗi daga ƙetare. Attajiran cikin birni sun shiga sabuwar harka da ƙarfinsu, musamman Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, amma dalar gyaɗa da sikeli da banki duk a wajen ganuwa suke. Wannan ne karo na farko da cibiyar babban ciniki ta fita daga cikin birni, Kurmi ta koma kasuwar kayan gargajiya da na masarufin mutanen gari.

Zuwan Lantarki

Legas ta fara ganin wutar lantarki tun 1896. Kano kuwa ta samu tata a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma abin alfahari shi ne da kuɗin baitulmalin En'e aka yi aikin. An haɗa shi da aikin ruwan famfo: injinan da aka girka a bakin kogin Challawa suna turo ruwa zuwa tankin Goron Dutse, suna kuma ba da wuta ga fada da asibiti da ofisoshi da kantuna. Wato a farkon al'amari wutar Kano mallakar Kano ce, kuma masu kula da ita suna ƙarƙashin hukumar da jama'a suka san ƙofarta.

A 1951 hukumar lantarki ta ƙasa, wato ECN, ta fara aiki, ta karɓe tashoshin En'e, har da na Kano da na Katsina. Samuwar wuta ce ta ba da damar kafa masana'antu a Bompai, daga baya kuma a Sharaɗa da Challawa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968 mai ƙarfin megawat 760, sai aka haɗa Kano da babban layin ƙasa, a 1972 kuma aka narkar da ECN da hukumar madatsun Neja aka kafa NEPA. Har yau ta wannan hanya wuta take zuwa mana: daga Shiroro da Kaduna zuwa babbar tashar Kumbotso, daga can zuwa ƙananan tashoshi irin ta Ɗan'agundi da ke bakin ganuwa.

An samu wuta mai yawa fiye da da, amma makunninta ya yi nisa da mu. A cikin birni kuma, inda lunguna suke a matse, an kafa falwaya yadda wuri ya ba da hali, aka ja waya a kan bangon ƙasa wanda ba a gina shi da tunanin lantarki ba.

Shekarun Kuɗin Mai Da Abin Da Ya Biyo Baya

Ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun buɗe zamanin 'yan kwangila. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga da hanyoyi da ofisoshi. Ƙishirwar siminti ta kai matsayin da a 1975 aka yi odar kusan tan miliyan 20 daga waje, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka kuma a 1979, amma ba su ƙosar da kasuwa ba. A wannan lokaci ne birkila ya karɓi aikin magini, bulo ya kori tubali, Ƙofar Ruwa ta bunƙasa da cinikin rodi da ƙarafa, 'Yan Katako suka cika, aka kuma sake gina kasuwar Sabon Gari da siminti a shekarun 1980, wadda ake kira da sunan Muhammadu Abubakar Rimi. Ba abin mamaki ba ne a ce manyan masu sarrafa siminti na ƙasar nan biyu, Aliko Ɗangote da Abdussamad Isyaka Rabi'u, duk 'ya'yan gidajen kasuwancin Kano ne.

Sai dai daga 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injina suka yi tsada, wuta kuma ta riƙa ɗaukewa ba dare ba rana. Masaƙu da majemu da masana'antun robobi da na alawa suka koma kan janareta, da yawansu suka kasa, suka rufe. A nan ne akalar jari ta juya. Mai kuɗi ya lura cewa masana'anta ba ta tsayuwa sai da wuta mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, shago kuwa ƙwan fitila ɗaya da fanka sun ishe shi. Saboda haka aka bar gina wurin ƙera kaya, aka koma gina wurin sayar da kayan da wasu suka ƙera a Sin da Indiya, ko aka saro daga Dubai. Idan muna neman asalin yawan shagunan da muke gani a yau, to, a cikin duhun waɗancan shekaru za mu same shi.

Kasuwa Ta Dawo Cikin Ganuwa

Da Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Ƙofar Wambai suka cika suka tumbatsa, kuɗin haya ya hau, sai ciniki ya fara malalowa cikin birni, musamman a bakin titunan da aka faɗaɗa. Abubuwa uku ne suka taru suka hura wutar wannan gini. Na farko, rabon gado: gida ɗaya, magada ashirin, sai a sayar a raba kuɗi, wanda ya saya ya rushe ya fitar da filaza. Na biyu, faɗuwar Naira, wadda ta sa ake ganin bulo ya fi asusun banki riƙon amana. Na uku, al'adar biyan hayar shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya, wadda ke mayar wa mai gini wani yanki na kuɗinsa tun fenti bai bushe ba.

Manyan ayyuka na zamani a wajen ganuwa aka yi su, irin rukunin kantunan Ado Bayero da aka buɗe a titin Gidan Zu a 2014, da sabuwar kasuwar Dangwauro a hanyar Zariya. Abin da ya faɗo wa cikin birni shi ne ƙananan filazoji barkatai, wasu a kan kududdufan da aka cike, wasu a kan magudanar ruwa, wasu ma a kan ganuwar kanta, duk da cewa tun 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da ake nema wa rajistar kayan tarihi na duniya a hukumar UNESCO.

Sakamakon bai ɓuya ba. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna fiye da 3,000 a kasuwar Sabon Gari, kuma sau da yawa jami'an kwana-kwana kan danganta gobarar kasuwanni da matsalar wayar lantarki. A watan Agustan 2022 ruwa ya malale Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka, a ƙarshen watan kuma wani bene da ake kan ginawa a titin Beirut ya rufta ya danne mutane. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi na Ƙofar Mata da wasu wurare, magana ta kai kotu. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasa, darasin ɗaya ne ga mai zuba jari: takardar fili da wata gwamnati ta bayar a wurin da jama'a suke ganin nasu ne, wata gwamnatin tana iya soke ta.

Kasuwar Kayan Wuta

Duk shagon da aka gina yana buƙatar waya da soket da makunni da akwatin fis, shi ya sa cinikin kayan wuta yake tashi da tashin gini, yake kwanciya da kwanciyarsa. Cibiyar wannan ciniki ita ce titin Faransa a Sabon Gari, inda 'yan kasuwa Ibo suka daɗe suna kawo kaya daga Alaba da Onica, sa'annan matasan Kanawa suka shigo, wasunsu har suna zuwa Guangzhou da kansu.

Hajar wannan kasuwa ta sauya sau uku a idonmu. Zamanin NEPA kayan wayarin da fanka da dogon ƙwai ne suke tafiya. Da wuta ta taɓarɓare sai janareta da na'urar daidaita ƙarfin wuta suka karɓi kasuwa. Sauya suna daga NEPA zuwa PHCN bayan dokar 2005, da miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa ranar 1 ga Nuwamba 2013, lokacin da KEDCO ta karɓi Kano da Katsina da Jigawa, bai kore janareta ba, domin a 2024 ma abin da babban layin ƙasa yake ɗauka bai cika wuce megawat 5,000 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200.

Sauyi na uku shi ne na sola. Farashin faifan sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, ƙwan fitila na zamani mai wat 9 kuma ya maye gurbin tsohon mai wat 60. A 2018 aka fara ba shagunan Sabon Gari wutar sola, a 2019 Jami'ar Bayero ta buɗe tasharta mai megawat 7.1, a Janairun 2023 kuma aka ƙaddamar da wata mai megawat 10 a Kumbotso. Sai abubuwa suka zo a jere: cire tallafin mai a Mayun 2023, faɗuwar Naira har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, da duhun da ya rufe Arewa na kwanaki a Oktoban 2024 bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Waɗannan suka sa batir da inbata da faifan sola suka zama hajar da ke gaba. Bayan shekaru fiye da 70, makunnin wuta ya fara dawowa gida, amma a wannan karo kowa da nasa a kan rufinsa.

A nan ne haɗarin yake. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama. Idan kuɗi suka ƙare a bulo da rodi da tayil, a kan waya ake huce haushi, tun da a cikin bango take, ba mai ganinta. Ƙa'idar aiki ita ce waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 ta soket, mai 4 ko 6 kuma ta na'urar sanyaya ɗaki da hita. Amma kasuwa cike take da wayar da kaurinta bai kai abin da aka rubuta a jikinta ba, ko wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe. Irin wannan waya ta kan yi zafi idan kaya ya yi mata yawa, robarta ta narke, ta kama. Ga shi kuma a shago guda an haɗa wutar gwamnati da ta janareta da ta sola, ga galan na fetur a ƙarƙashin kanta. Araha, in ji masu magana, ba ta ado.

Kammalawa

Kakanninmu sun yi gini da ƙasa, amma sun san wanda zai amsa tambaya idan bango ya tsage. Mu mun samu siminti da lantarki, muka bar aikin a hannun wanda ya fi sauƙin farashi, muna bin sa da waya daga nesa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa, duk wanda zai aiko da kuɗin gini, ya fara da taswirar da hukumar tsara birane ta KNUPDA ta amince da ita. Kada ya sayi fili a kan ganuwa, ko magudanar ruwa, ko harabar makaranta da maƙabarta, komai kyan takardarsa. Idan tsohon kududdufi ne, a gwada ƙasar kafin a haƙa tushe, kuma injiniya mai rajista ya tsaya a kan aikin bene. A ware kuɗin wayarin tun farko, a ba mai takardar shaidar hukumar NEMSA, a sayi waya daga dilan da kamfani ya sani, domin akwai masu yin ta a gida, irin su Nocaco a Kaduna da Cutix a Nnewi. A binne wayar ƙasa, a ba kowane shago mitarsa, a ware wa batir wuri mai iska, a kuma bar lungu yadda motar kashe gobara za ta iya shiga.

Daɗin daɗawa, tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ya kamata masu ilimin wannan fanni daga cikinmu su sa baki, ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin koya wa matasan unguwanninmu aikin wayarin da haɗa sola bisa ƙa'ida, har su samu takardar shaida. Birnin da ya haɗa wa kansa wuta daga baitulmalinsa tun kafin a haifi iyayenmu bai kamata ya gaza samar da masu ja masa waya ba. Allah ya kiyaye dukiyoyinmu da rayukan jama'armu, ya sa mu bar wa na baya birnin da za su iya zama a cikinsa.